Marfi Bakwai na Ja

Shekara talatin da ɗaya Inna ta yi tana haɗa fenti a bayan wani kanti, kuma a duk tsawon shekarun nan ba ta taɓa shafa ko ɗigo ɗaya a inda ranta yake so ba. Na mutane take haɗawa. Mutum zai shigo da ɓallin tsohon bango a ƙunshe cikin takarda, ko guntun labule, ya ce irin wannan yake so. Inna ta karɓa, ta fita bakin ƙofa ta duba a haske, ta dawo ta jawo bokiti. Ba ta da ma'auni sai marfin kwalbar lemo. Marfi uku na rawaya, rabi na baƙi, a cikin farin bokiti guda. Ta juya da sanda, ta shafa a gefen kwali, ta jira ya sha iska, ta miƙa. Ban taɓa jin an dawo mata da bokiti ba. Shi ya sa unguwa kaf ake ce mata Mai Haɗi.

Ruwan madara ne ya fi ƙona mata rai. Da ta dawo gida ta cire takalmi sai ta fara: "Yau ma bokiti goma sha ɗaya, tara ruwan madara. Mutum ya gina gida da guminsa, a ce masa zaɓi duk kalar da ke duniya, ya tsaya ya yi tunani, ya yi tunani, ya ce ruwan madara. Ni dai na gaji da masu tsoron bango."

Mu biyu ta haifa, ni da Yaya, kuma da wannan ƙorafin muka girma. Babanmu ya rasu ina goye, don haka marfin kwalbar nan ne ya ciyar da mu ya kai mu makaranta. Yaya ya zama malamin tuƙi, mutum mai son doka har cikin ɓargo, wanda ko a tsakar ɗaki zai juya sai ka ga kamar yana neman sigina. Ni kuwa Auta ina aiki a kantin magani, abin da ya sa nake ganin kaina rabin likita. Ku riƙe wannan, don shi ya kai ni ya baro.

Ranar da mai kanti ya kawo injin da ake danna wa lamba ya tsiyayo kala da kansa, aka yi wa Inna godiya, aka ba ta agogon bango, aka raka ta bakin titi. Agogon yana ƙarƙashin gado har yau, cikin kwalinsa. Wata huɗu ta yi a gida tana neman abokin faɗa. Ɗaki biyu gare mu a hawa na uku, da 'yar baranda mai kallon bayan gareji, amma sai da ta samu: ta yi da mai kwashe shara, ta yi da maƙwabciyarmu ta ƙasa a kan igiyar shanya, ta yi da ni a kan yadda nake ninke tawul. Wata Asabar ta fita sayen sabulu, ta dawo ba sabulu, sai buroshi uku da wasu 'yan robobin fenti. Wai ta ga sanarwa a ƙofar laburare, ana koya wa tsofaffi zane.

Fentin akirilik ake ce masa. Da ruwa ake tsinka shi, ba ya wari, kuma kafin ka gama shan kofin shayi ya bushe. Wannan saurin ne ya yi daidai da halinta. Ta ce fenti ne da ba ya jiran mai shawara, in ka sa ka sa. Kullum in ta gama sai na ga ta tsaya a bakin famfo tana wanke buroshi da hannuwanta, jan ruwa yana gangarawa, komai ya fita tas. Shekara uku ina kallon wannan wankin, ban taɓa tambayar dalilin da ya sa take yin sa a guje ba.

Malamin zanen dattijo ne mai sanyin magana, mai furfura a gira. Zanen ƙasa yake koyarwa, irin na mutanen da: tsauni da kogi da gona. Yana da dokokinsa. Abin da ke kusa a yi shi da duhu, na tsakiya a sassauta, na nesa a bar shi ya kusa narkewa. Haske ta gefe guda yake shigowa. Kogi ya ja idon mai kallo ya shigar da shi ciki. Na zaci Inna za ta yi watsi da su, sai ga shi ta rungume su hannu biyu. "Mutanen da sun san abin da suke yi," in ji ta. "Wanda ya fara cewa dutsen nesa ya fi na kusa haske, ya daɗe yana kallon dutse." Ta iya su har Malam yana ɗaga nata ya nuna wa sauran.

Rigimar a wurin kala take. Wuri ɗaya Inna take zanawa, ba ta taɓa canzawa ba: tsauni mai tsagaggen kai, kogi da ya yi gwiwa a gindinsa, bishiyoyi uku, da wani gajeren gida. Mun san can aka haife ta, mun kuma san wurin yanzu yana ƙarƙashin ruwan wata madatsa. Iyakar abin da muka sani ke nan, don ko an tambaye ta sai ta ce wuta tana jiran ta a kicin. Kalar wurin kuwa ranta take bi. Makon da suka yi cacar baki da Yaya, kogin ya fito baƙi wuluk. Da aka haifa mata jika, tsaunin ya koma rawaya kamar cikin ƙwai. Abu ɗaya ne ba ya motsi. Samaniyar Inna ja ce. A ƙaramin allo ja, a babba ja, ran farin ciki ja.

Yaya ya taɓa ce mata, "Inna, mu a wurinmu in an ga ja tsayawa ake yi."

"To tsaya mana," ta ce. "Wa ya ce ka wuce?"

A shekara ta uku laburare ya shirya baje kolin zanen ɗalibai, kowa guda ɗaya. Inna ta sa kafinta ya ɗame mata yadi mai kauri a jikin katako, girmansa ya kai ƙyauren ƙofa in an kwantar. Wata biyar ta yi a kansa. Muka daina shanya a baranda, muka daina cin abinci a tebur. Da ta gama, Malam ya hawo benenmu da kansa don ya gani, yana haki. Ya daɗe a tsaye, hannu a baya.

"Mama," ya ce, "tsaunin nan ko ni ba zan yi shi haka ba. Kogin kuwa kamar in sa ƙafa. Amma samaniyar nan ta cinye komai. Da za ki kwantar da ita, ki ba ta shuɗinta, da shi zan sa a tsakiyar zauren."

"In ban kwantar ba fa?"

Malam ya sosa gira. Ya ce masu zuwa kallo ba za su gane ba.

A nan ne na buɗe bakina. Wata biyu kafin wannan rana likita ya ce Inna tana da yana a ido biyun, ni kuma na bi takardun kantinmu na karance komai. Na gyara tsayuwa na yi musu bayani dalla-dalla: mai yanar ido duniya rawaya-rawaya yake ganin ta, shuɗi ne yake fara ɓace masa. Na ce ba laifin Inna ba ne, ciwo ne. In aka yi mata aiki, da kanta za ta ga abin da ta yi. Malam ya yi ajiyar zuciya kamar an sauke masa kaya. Yaya ya gyaɗa kai har sau uku.

Inna ta dube ni sama da ƙasa. "Auta, ni da na haɗa wa rabin garin nan bangonsu, ni ce ban san abin da ke cikin roba ba? Marfi biyar na ja, biyu na rawaya, ɗaya na baƙi. Ko ido a rufe zan haɗa miki. Ba idona kuke so a yi wa aiki ba, zanena kuke so a yi wa." Ta juya wurin Malam. "Kai kuma sauka a hankali, matakala ta bakwai gefenta ya ɓalle."

Daga ranar ta ƙi zancen asibiti ƙememe. Yaya ya lallaɓa, matarsa ta lallaɓa, na kawo takarda mai hotuna, ta ɗora tukunyar shayi a kai. Abin da ya karya ta matakalar nan ce ta bakwai. Ta taka iska wata safiya, Allah ya taimaka ta kama ƙarfe. Da yamma ta ce a sa rana. "Don bene zan yi," ta ce, "kada wani ya sa ransa."

Ana saura kwana biyu a yi aikin, na dawo daga kanti da la'asar na same ta zaune gaban babban allon, ba buroshi a hannunta. Ba ta juyo ba ta ce, "Auta, in aka buɗe idon nan na ga ba abin da nake nufi ba ne a jikin yadin nan fa?" Muryarta ta yi ƙasa, irin yadda ban taɓa ji ba. Tsoro ne ya kama ta, tsoron kada a ce shekara uku ciwo ne yake riƙe da buroshinta. Abin da ya kamata in yi shi ne in zauna kusa da ita in yi shiru. Maimakon haka sai na ji daɗi. Na ce a raina, ga shi ta amsa da bakinta.

An yi aikin ranar Talata da safe, ido ɗaya tukuna. Likita ya ce ta kwana biyu a gidan Yaya tunda ƙasa ne, ba hawa. Ranar Laraba da rana Yaya ya shigo gidanmu da ƙaramin gwangwanin shuɗin fenti a leda. Ni na kawo shawarar, shi ya sayo, don haka ba wanda zai tura wa wani. Nufinmu mu yi mata kyauta: ta buɗe sabon ido ta ga zanenta yadda ya kamata, ga baje koli ranar Litinin, Malam ya sa shi a tsakiya.

"In ba ta so fa?" in ji Yaya, buroshi a hannu. Shi ne ma ya ɗan yi ɗar.

"Haba Yaya, ai na ruwa ne. Kullum a famfo take wanke shi. In ba ta so, jiƙaƙƙen tsumma kawai, a goge, nata ya dawo."

Muka shafe samaniyar. Yaya ya bi gefen tsaunin a hankali kamar yana koya wa ɗalibi fakin, ni na cike tsakiya. Don ya yi kyau har sau biyu muka shafa, muka kunna fanka, muka zauna shan shayi muna yaba kanmu. Kuma gaskiya ya yi kyau. Ya zama irin zanen da ake ratayewa a ɗakin jiran likita.

Da zan wanke kofuna sai na ce bari in gwada kusurwa ɗaya, don in nuna wa Yaya. Na jiƙa tsumma na goga. Ko gezau. Na ƙara ruwa na danna. Na kawo sabulu, na kawo ruwan ɗumi, na kawo soson kwanuka. Shuɗin nan yana nan daram, sai ma kan tsaunin Inna da ya fara ɗayewa inda soso ya zame. Na dubi buroshin da muka bari a kan faranti, ya sandare kamar tsinke. A nan ne na gane abin da ya sa shekara uku take rugawa famfo.

Yaya ya kira Malam a waya ya sa a sifika. Malam ya saurare shi har ƙarshe.

"In ya bushe roba yake zama," ya ce. "Ruwa ya gama aikinsa. Akwai abin da zai cire shi, amma da na ƙasan zai tafi." Sannan ya ƙara da cewa, "Ni cewa na yi ta gyara. Ban ce a gyara mata ba."

Muka lulluɓe allon da zanen gado, kamar hakan zai rage wani abu.

Ranar Alhamis da hantsi Yaya ya kawo ta, da baƙin tabarau a fuska. Tun daga ƙasa muka san idon ya buɗe, don bakin ma ya buɗe. Ta tsaya a hawa na ɗaya ta ce wa ya yi wa bangon nan wannan ɗanyen aiki. A hawa na biyu ta shafa ƙofar maƙwabciya ta ce, "Wannan koren ni na haɗa shi, shekara sha biyu, dubi ko dusashewa bai yi ba." Da ta shigo ɗaki ta ɗaga tabarau ta dubi saman kabad, ta dube ni. "Ashe haka kike shara? Allah ya saka wa likita da alheri." Ni dai ko dariyar yaƙe ta ƙi fitowa. Yaya ya tsaya a bakin ƙofa yana juya makullin mota.

Ta nufi baranda. Ta ga zanen gado. Ba ta tambayi kowa ba ta kama gefe ta yaye.

Na yi tsammanin tsawa. Da tsawa ta yi da na fi samun sauƙi, don na saba da ita. Sai ta cire tabarau gaba ɗaya ta ninke, ta tsaya tana kallo, hannunta a kan ƙarfen baranda. Ina jin bugun guduma daga gareji.

"Wa ya haɗa wannan?"

"Inna, wallahi ni ce na ce—"

"Ban ce wa ya shafa ba. Na san hannun kowa. Ga layin malamin tuƙi, ga shirmen mai magani. Wa ya haɗa?"

Yaya ya sunkuyar da kai. "A tsohon kantinku na sayo. Injin ne."

"Ya iya," ta ce. "Samaniyar ce. Ko ɗigo bai kuskure ba."

Yaya ya ɗago, har fuskarsa ta fara washewa. Ni kuwa na san Inna, na san ba yabo ba ne. Ta jawo kujera ta zauna, ta nuna bishiyoyin nan uku da ɗan yatsa.

"Uwata tana ƙarƙashin ta tsakiyar. Shekara guda da binne ta aka zo aka ce mu tashi, ruwa zai zo. Shekarata tara. Manyan motoci biyu aka turo wa gari guda. Babana ya tambayi mutumin da ke riƙe da takarda, ya ce waɗanda ke ƙasa fa? Mutumin ya ce sunan masu rai kawai aka ba shi. Yayata ta share ɗakin tas kafin mu fita, har yau ban san wa ta share wa ba. Aka ɗora ni a kan katifa a bayan mota. Manya duk sun yi shiru, ba mai kuka, don an ce kada a tayar wa yara hankali. Sai na ɗaga kai. Na ce ko samaniya za ta nuna ta san abin da ake yi. Ko ɗan hadari, ko iska, ko tsawa guda."

Ta buga shuɗin da bayan yatsa.

"Haka take. Wannan ɗin. Fes, kamar an wanke ta, har tsuntsaye suna wasa. Ni ban ja da hukuncin Ubangiji ba, abin da ya rubuta ya rubuta. Amma ita, ko gajimare ɗaya ba za ta yi mana kara da shi ba? Ana barin uwar mutum a baya, ke kina ado? Tun a kan katifar nan na ce ni da ke. Shekara sittin ban sami inda zan gaya mata ba sai a jikin yadin nan." Ta juyo ta dube ni da sabon idon, ja-ja saboda aiki. "Kika ce shuɗi ya ɓace mini. Ina ma ya ɓace."

Na durƙusa na kama gwiwarta ina kuka, ina ba da haƙuri. Kunya ce ta fi yawa a kukan, don na mayar da uwata mara lafiya a gaban baƙo saboda na karanta takarda huɗu. Ta bar ni na ɗan yi, sannan ta janye ƙafarta.

"Tashi, hawaye ba ya cire akirilik, kin gwada ruwa ai. Kawo tsofaffin."

Na kwaso mata ƙananan allunan da ke bayan kabad, na jera su a jikin bango, sun kai ashirin. Wannan ne abin da take tsoro tun kafin aikin, ga shi ya zo. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, tana rufe tsohon ido da tafin hannu don ta gani da sabon kaɗai. Da ta kai na ƙarshe sai ta yi tsaki.

"Tsauni ya yi. Kogi ya yi. Nawa ne, ba na ciwo ba." Ta sake tsaki. "Amma jan nan! Ashe duk shekarun nan lallaɓa ta nake yi. Yanar ce ta riƙa nuna mini ya yi zafi, alhali ɗumi kawai ya yi. Auta, kawo roba da marfi."

"Inna, likita ya ce ban da sunkuyo, ban da—"

"Shi ya sa na haife ku. Ke za ki sunkuya ki auna. Kai kuma riƙe min allon nan a tsaye, kada ka sake ya motsa, tunda kana son abu a kan layi."

Na tsuguna da tsohon farantin da take haɗi a kai. Na zuba biyu na rawaya, ɗaya na baƙi, biyar na ja, na tsaya.

"Wa ya ce ki tsaya? Ƙara."

Na ƙara.

"Ƙara."

Marfi bakwai na ja. Ta karɓi farantin ta juya, ta shafa a gefen kwali kamar yadda take yi a kanti, ta kai shi bakin baranda ta duba a haske. Sannan ta ɗauki buroshi mafi faɗi, ta miƙe tsaye ƙyam, kanta bai sunkuya ko kaɗan ba, ta fara daga hagu. Ban taɓa tsayawa na kalli Inna tana zane ba sai ranar. Da kafaɗa take yi, ba da yatsu ba. Tana ja tana magana ƙasa-ƙasa, kuma ba da mu take ba. Sau huɗu na sake haɗi. Jan yana ɗiga a kan farar rigar aikin Yaya, bai motsa ba. Inda sosona ya ɗaye kan tsaunin ta bi ta gyara da ƙaramin buroshi, ta ce ya ma fi kama da na gasken, don shi ma tsagagge ne.

Da ta kai kusurwar sama ta dama sai ta dakata. Saura wuri kamar tafin hannu, shuɗinmu yana nan. Na miƙa mata faranti. Ta ture.

"Wanke buroshi," ta ce. "Yi sauri."

Ranar Litinin Yaya ya ɗaure allon a saman motar koyon tuƙi, ya tafi da shi a giya ɗaya har laburare, motoci suna ta yi masa hon. Inna ba ta jira a zaɓa mata wuri ba. Ta shiga zauren da baƙin tabarau, ta ga bangon tsakiya, ta ce a sauke a nan. Malam ya taho da sauri, baki a buɗe, da alama yana da magana. Ya dubi allon. Ya ja baya taku uku ya sake duba. Ja ya sauko har kan ruwan kogin, amma dutsen nesa yana nan a nesa, na kusa a kusa, haske ta gefe guda, duk dokokinsa a cike.

"Mama, ya ido?" ya ce a ƙarshe.

"Garau. Kana da tabon man gyaɗa a kwala."

Ya dubi kwalarsa, ya dubi zanen, ya je da kansa ya ɗauko guduma da ƙusa.

Ba zan ce kowa ya so shi ba. Wasu sun tsaya, wasu sun wuce da sauri wurin zanen furanni. Inna ta sa aka kawo mata kujera ta zauna daf da shi, jaka a cinya, tana sauraron kowa kamar mai gadi. Can wata mata mai kirki, mai tabarau a wuya, ta daɗe tana kallo, sai ta matso ta nuna kusurwar sama. Ba ta san mai zanen ce a zaune ba.

"Kash," ta ce. "Aiki mai kyau haka, an manta ba a ƙarasa nan ba."

"Ba mantuwa ba ce, 'yar nan," in ji Inna. "Da gangan na bar wa samaniya taga. Ranar da muka tashi ta yi kamar ba ta gani ba. Yanzu sai ta leƙo ta gani, kullum, har fentin nan ya mutu. Ni kuwa na san fenti, ba yanzu ba."

Matar ba ta gane ba, ta yi murmushi ta wuce. Ni da Yaya muna tsaye a bayan kujera, ba wanda ya iya kallon wani. Inna ta buɗe jaka ta miƙo mini kwalbar maganin ɗigawa, ta ɗaga kai sama, ta ce lokaci ya yi, kuma in kula kada in zuba mata a hanci.